Mai farautar mutane don tukuici a littattafan kaboyi: ina gaskiya ta tsaya, ina aikin mai zane ya fara?

"Malam barka da aiki. Ni ɗan Maradi ne, a wajen masu sayar da tsofaffin littattafai na tsinto wa yarona wasu littattafan zane na kaboyi, Lucky Luke da Blueberry da wani wai shi Tex, duk da Faransanci. Yaron shekararsa 12, ya kamu da su har yana kwaikwayon zanen a bayan littafinsa na makaranta. Jiya ya tambaye ni wai da gaske a Amurka akwai mutanen da sana'arsu kenan su bi mutum su kashe a ba su kuɗi, kuma da gaske mutum biyu suke tsayawa tsakiyar titi a ga wanda zai riga zaro bindiga? Na rasa amsa. Ni ma abin ya ɗaure min kai, labarin Amurka ne amma na duba sunayen marubutan babu Ba'amurke ko ɗaya. Sannan ya dace in bar shi ya ci gaba da karantawa?"

Barka kadai ɗan'uwa, Allah ya raya mana shi. Abu huɗu ka haɗa a guri ɗaya: ko sana'ar farautar mutane don tukuici ta wanzu yadda ake zana ta, ko tsayuwar tsakiyar titin nan ta faru, me ya kai Turawan Beljiyam da Faransa da Italiya ga labarin da ba nasu ba, sai kuma maganar ko a bar yaro da su. Ni zane nake koyarwa, kuma na daɗe ina tara irin littattafan nan ina bin su shafi-shafi don in ga yadda aka ɗinka su, tarihin kuwa dole ce ta sa na karanta shi, don mutum ba ya iya zana sirdi in bai san yadda ake ɗaura shi ba. Abinda zan ce maka tun farko shine kayan da kake gani a shafin, bindiga da ƙaimi da jirgin ƙasa da sunayen garuruwa, yawanci daidai suke, wasu masu zanen ma bin diddiginsu har ya yi yawa. Amma mutumin da ke tsakiyar shafin, shi kaɗai a kan doki da takardar "ana nema ruwa a jallo" a aljihu, wannan mai zane ya fi tarihi buƙatarsa.

Yadda labarin Amurka ya koma hannun Turai

Zamanin da ake ta zanawa gajere ne sosai, daga ƙarshen yaƙin basasar Amurka a 1865 zuwa wajen 1890, shekara 25 kenan. Kuma tun mutanen suna raye aka fara sayar da labarinsu da gishiri. Tun 1860 ake buga ƙananan littattafai na santi 10 a gabashin ƙasar, marubucin yana zaune a New York bai taɓa shaƙar ƙurar garke ba amma yana kashe mutum goma a shafi guda. Wani marubuci Ned Buntline ya ɗauki wani maharbin ɓauna William Cody a 1869 ya mayar da shi jarumin littafi da sunan Buffalo Bill, shi kuma Cody da ya ga akwai kuɗi a ciki sai ya kafa wasan dawaki da harbe-harbe a 1883, ya kai shi Landan a 1887, Paris a 1889, Italiya a 1890. To kaga tun kakannin masu zanen nan Turai ta riga ta sha wannan labarin, kuma wanda ta sha ɗin na dandali ne, an riga an yi masa kwalliya.

Sai siyasa ta shigo. Gwamnatin Mussolini ta toshe littattafan zanen Amurka a 1938, Faransa kuma ta yi doka a 1949 kan abinda ake buga wa yara, wadda ta takura kayan da ake shigowa da su daga Amurka. Yara suna son kaboyi, na asali ba ya shigowa yadda ake so, sai 'yan gida suka cike gurbin. Morris ɗan Beljiyam ya fito da Lucky Luke a 1946, daga 1955 René Goscinny ya karɓi rubuta labarin har rasuwarsa a 1977, kuma waɗancan shekarun su ne zinariyar jerin, in ka ga sunan Goscinny a bango ka saya kawai. Tex ya fito a Italiya a watan Satumba na 1948, Gian Luigi Bonelli na rubutu Aurelio Galleppini na zane, ɗan siririn littafi mai layi ɗaya a kowane shafi wanda zai shige aljihun yaro, kuma har yau kamfanin Bonelli na Milan bai daina buga shi ba. Blueberry ya zo a 1963 a mujallar Pilote, Jean-Michel Charlier da Jean Giraud. Amurkawa ma sun yi nasu, su Kid Colt da Rawhide Kid, sun yi tashe a shekarun 1950 amma da jarumai masu tashi sama suka dawo sai kasuwar kaboyi ta faɗi a can, a Turai kuwa ba ta taɓa faɗuwa ba. Shi ya sa abinda ke isowa Maradi ta hanyar Faransanci na Turai ne.

Kuma yaronka ba shi ne farkon wanda abin ya kama a Nijar ba. Moustapha Alassane ya yi fim a 1966 kan wani saurayi da ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu.

Waye ke karɓar tukuicin a zahiri

Tukuici kam an sa, ba ƙarya ba ne. Gwamnoni sun sa, kamfanonin jirgin ƙasa da bankuna da masu safarar kuɗi irin Wells Fargo sun sa. Inda littafin ya kauce shine wajen wanda ya karɓa. In ka bi manyan sunayen ɗaya bayan ɗaya za ka tarar ko dai ma'aikacin hukuma ne, ko ɗan sandan haya na kamfanin Pinkerton da aka kafa a Chicago wajen 1850, ko kuma na jikin mai laifin ne ya ci amanarsa.

Ɗauki Billy the Kid, matashin ɗan bindigar da ake nema da laifin kisa. Gwamna Lew Wallace na New Mexico ya sa dala 500 a kansa, kuma ba wata ƙatuwar takarda mai hoto aka manna a bishiya ba, 'yar sanarwa ce ta layi kaɗan a jarida. Wanda ya kashe shi ranar 14 ga Yuli 1881 a Fort Sumner shine Pat Garrett, sherif ɗin yankin Lincoln, wato babban ɗan sandan yankin, cikin ɗaki mai duhu da tsakar dare, kuma da ya je karɓar kuɗin aka yi ta ja masa rai sai a 1882 majalisar yankin ta amince a biya shi. Shahararren ɗan fashi Jesse James kuma, Gwamna Crittenden na Missouri ya tara kuɗin tukuicin daga kamfanonin jirgin ƙasa, wanda ya harbe shi ranar 3 ga Afrilu 1882 yaronsa ne Robert Ford da ke cin abinci a gidansa, ya bari sai da ya juya baya yana gyara hoto a bango ya sa masa harsashi a ƙeya. Aka gurfanar da Ford aka yanke masa rataya, gwamna ya yafe masa a ranar, kuɗin kuma ɗan abinda ya shigo hannunsa bai taka kara ya karya ba, ya ƙare yana yawon gidajen wasa yana kwaikwayon yadda ya yi kisan ana yi masa ihun matsoraci.

Waɗanda suka fi kusa da mafaraucin littafi su ne mataimakan mashal na gwamnatin tarayya, musamman na kotun alƙali Isaac Parker a Fort Smith, wanda ya zauna daga 1875 zuwa 1896. Su ba albashi suke ci ba, kuɗin aiki ne: dala 2 in ka kamo mutum, da santi 6 a kowane mil na tafiya, kuma in ka kashe wanda aka aike ka kamowa ka yi asarar kuɗin, in ba shi da dangi ma kai za ka biya na binne shi. Ka ga nan lissafin ya juye gaba ɗaya, gawa hasara ce. Kuma ba shi kaɗai yake fita ba, da keken doki yake tafiya da mai dafa abinci da mai gadi da sarƙoƙi, ya yi makonni yana tattara fursunoni ya dawo da su jere, sannan ya zauna cike takardun neman kuɗinsa. Aiki ne mai haɗari na gaske, fiye da 60 daga cikinsu an kashe su a zamanin Parker. Mafi shahararsu Bass Reeves baƙar fata ne da aka haifa cikin bauta a 1838, ya yi shekara 32 yana aikin, ana cewa ya kama mutum wajen 3,000, har ɗansa na cikinsa ya kamo da aka tuhume shi da kashe matarsa. Wannan adadin na 3,000 ka riƙe shi da sassauci, daga bakin shi Reeves ɗin da jaridun lokacin ya fito, ni kuma mai zane ne ba mai tonon kundin kotu ba.

Akwai kuma ɓangaren da littattafan yara ba sa son taɓawa, alhali nan ne aka yi farautar mutum don kuɗi tsagwaronta. Kafin yaƙin basasa akwai masu bin bayin da suka gudu da karnuka, dokar 1850 ma ta tanadi dala 10 ga jami'in da ya yanke a mayar da mutum ga mai da'awarsa, dala 5 in ya sake shi, kai ka san inda hukunci zai karkata. A arewacin Meksiko jihar Sonora ta sa peso 100 a 1835 kan fatar kan kowane namiji Apache, wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar, Chihuahua ta biyo baya, sai gungun irin na John Glanton a 1849 suka ga gashi baƙi duk ɗaya ne, suka shiga kashe ƙauyawan da ba ruwansu har da Meksikawa 'yan ƙasar da ta ɗauke su aiki. In yaro ya tambaya ko akwai masu sana'ar, waɗannan su ne, kuma ba wanda zai so ya zana su a bangon littafi a matsayin jarumai.

Shi mafarauci mai kwarjini ɗin nan da ba ya magana da yawa, ƙirar bayan 1950 ce, talabijin ɗin Amurka ta fara, finafinan Sergio Leone da aka ɗauka a hamadar Almeriya ta Sifaniya a tsakiyar shekarun 1960 suka ƙarasa shi, littattafan zane suka ɗauka. A 1972 kamfanin DC ya fito da Jonah Hex mai ƙonannen rabin fuska da tsohuwar rigar sojan kudu, a shekarar nan kuma Morris da Goscinny suka yi nasu mafaraucin a Lucky Luke da fuskar ɗan fim Lee Van Cleef, sai dai su abin ƙyama suka mayar da shi wanda kowa a gari ke raina shi, kuma a ganina nasu na barkwancin ya fi kusa da yadda aka kalli irin su Ford.

Tsayuwar tsakiyar titi

Ta faru, amma da yatsun hannu za ka ƙirga. Wadda kowa ke kafa hujja da ita ita ce ta Wild Bill Hickok da Davis Tutt a dandalin garin Springfield na Missouri, 21 ga Yuli 1865, rigimar bashin caca da agogon aljihu, tazarar kusan mita 70, kowa ya harba sau ɗaya Tutt ya faɗi. Wata mujalla ta buga labarin a 1867 da ƙarin gishiri, daga nan aka samu samfurin da ake ta maimaitawa. Amma duba yadda shi Hickok ɗin ya mutu a 1876 a Deadwood, yana zaune yana karta aka zagayo ta bayansa. John Wesley Hardin a El Paso a 1895, ta ƙeya a mashaya. Morgan Earp a 1882, ta gilashin ƙofa da dare yana buga biliyad. Jesse James ka riga ka ji. Wanda duk aka san ya iya bindiga ba mai hankalin da zai tsaya gabansa ya ba shi dama.

Ko faɗan Tombstone na 26 ga Oktoba 1881 da ake ta zanawa, daƙiƙa 30 ne, harbi kusan 30, mutum uku suka mutu, an fara shi kusan ana iya taɓa juna a wani ɗan fili matsattse, kuma abinda ya kawo Morgan Earp da 'yan uwansa, waɗanda su ne jami'an tsaro, wajen shine dokar garin da ta hana yawo da makami a cikin gari. Eh, garuruwan kaboyi da yawa sai ka ajiye bindigarka in ka shigo. Wani masanin tarihi Robert Dykstra ya ƙirga kisan kai a garuruwan shanu biyar na Kansas, har da Dodge City da Abilene, daga 1870 zuwa 1885 ya samu 45 kacal. Kar dai a ɗauka lafiya lau ake zaune, garuruwan ƙanana ne, in ka raba da yawan jama'a adadin ba kaɗan ba ne, amma Tex shi kaɗai yana iya cike 45 ɗin nan kafin ka gama 'yan littattafai.

Bindigar ma ba ta yarda da abinda ake zanawa. Colt ta 1873 sai ka ja kunamar baya da babban yatsa kafin kowane harbi, gida shida gare ta amma masu hankali biyar suke cikawa su bar ɗaya fanko don kar ta faɗi ta tashi da kanta, in ta ƙare kuma ɗaya-ɗaya za ka zare kwanson ka sa sabo. Albarushin lokacin baƙi ne mai hayaƙi, harbi uku a cikin mashaya ba ka ƙara ganin wanda kake harbi. Kuben nan da ke reto a cinya don saurin zarowa ma masu fim ne suka yayata shi daga baya, mutanen lokacin a ƙugu suke ɗaurawa sama, wasu a aljihun kwat kawai.

Kaboyin kansa da mutanen da aka tarar a ƙasar

Kaboyi ɗan kiwon haya ne, ba wani abu ba. Bayan yaƙi saniyar da ba ta wuce dala 4 a Teksas ba tana kai dala 40 a arewa, sai aka riƙa kora su ta burtalin Chisholm zuwa tashar jirgin ƙasa ta Abilene daga 1867, garken shanu 2,500 zuwa 3,000, mutum goma ko sha biyu, mil 10 zuwa 15 a rana don kar shanun su rame, wata biyu zuwa uku a hanya, a kan dala 25 zuwa 40 a wata. Duk wanda ya ji labarin masu kora shanu a ƙasa zuwa kurmi kafin zuwan tirela ya san irin rayuwar, ƙura da rashin barci da tsoron ƙetare kogi. Abinda ke kashe su faɗowa daga doki ne da ruwa da tsawa da firgitar garke da dare, wasu manyan gidajen kiwo ma sun hana ma'aikatansu ɗaukar ƙaramar bindiga da caca. Ana ƙiyasta kusan kashi ɗaya cikin huɗu baƙaƙen fata ne, ga Meksikawa da yawa waɗanda a wajensu aka koyi sana'ar tun asali, amma ka duba littattafan da ke hannunka ka ƙirga baƙaƙe nawa ke kan doki. A Amurka an gwada jarumin kaboyi baƙar fata mai suna Lobo a 1965, fitowa biyu ya yi aka rufe. Waya mai ƙaya ta Glidden ta 1874 da shimfiɗa layin dogo da mugun sanyin 1886 zuwa 1887 su suka kashe sana'ar korar shanun.

Maganar 'yan asalin ƙasar kuwa, a nan zan yaba wa Turawan kaɗan sannan in ja kunne. Tex ya auri 'yar Navajo ya zama shugabansu tun lokacin da finafinan Amurka ke nuna su a matsayin abin harbi kawai, labarin farko na Blueberry ma ya nuna hafsan soja ne ya tsokano yaƙi da Apache. Amma babban aminin Tex a littafin, tsohon nan mai farin gemu mai yawan mita, sunansa Kit Carson, kuma Kit Carson na gaske shine ya jagoranci ƙone gonaki da kashe dabbobin Navajo a 1863 da 1864 har yunwa ta sa suka miƙa wuya, aka tasa dubbansu a ƙasa tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa Bosque Redondo inda da yawa suka mutu, sai 1868 aka bar su suka koma. Wannan in yaron ya kai ga Tex ya kamata ya sani.

Me ya sa mai zane ke son ƙaryar

Nan ne ɓangaren da na fi sani. Shafi ɗaya akwati shida ne zuwa tara, wato ƙananan gidajen da ake zane a ciki, Tex ma kusan kullum layi uku ne akwati shida. Mai karatu dole ya gane jarumi da kallo ɗaya ko da inuwarsa ce daga nesa, shi ya sa Luke ba ya canza farar hula da jan ƙyallen wuya, Tex ba ya cire rigarsa ruwan ɗorawa. To ka ce in zana tawagar mashal ta gaskiya, keken doki da kuku da mai gadi da jerin fursunoni, duk a akwati ɗaya, kuma gobe ma haka, wallahi ba mai zanen da zai kai ƙarshen wata. Mutum ɗaya da doki ɗaya a fili fetal shine mafi arha kuma mafi kyau a ido. Sannan mafaraucin tukuici ya warware wa marubuci matsala babba, yana da dalilin shiga sabon gari a kowane fitowa, kuma takardar "ana nema" tana ba da labarin gaba ɗaya a akwati guda: ga fuska, ga laifi, ga farashi. Takardun gaske yawancinsu rubutu ne zalla ba hoto, ana aika wa sherif-sherif ta gidan waya, amma rubutu zalla ba ya zanuwa.

Tsayuwar titi kuma kamar don littafin zane aka ƙirƙire ta. Zane ba ya motsi, abinda ya iya shine kafin abu da bayan abu, mai karatu ke cike tsakiyar da kansa. Harbin kwanton ɓauna akwati ɗaya ne ya ƙare. Amma mutum biyu a tsaye, kana iya jan daƙiƙa uku su cika shafi: titi daga nesa ba kowa, takalmi a cikin ƙura, ido, yatsu suna shawagi kusa da kube, wata mata tana jan ɗanta cikin gida, ido kuma. Sai ka ajiye harbin a bayan shafi, ya zama hannun mai karatu da ke juya takardar shi ya harba. Ina ba ɗalibaina wannan aikin, akwati shida, mutum biyu, a gane wanda ya faɗi amma kar in ga wuta a bakin bindiga, kuma kusan kullum wanda ya fi iya zana bindiga shi ke faɗuwa a aikin, don ya ƙagu ya nuna ta. Morris ya fahimci abin har ya mayar da shi wasa, hoton bayan littafin inda Luke ya riga inuwarsa harbi ba ya yiwuwa a ko'ina sai a zane.

Su 'yan Dalton huɗun nan na cikin Lucky Luke, 'yan fashi masu tsayi kamar matakala, ma suna da asali. Na gasken sun je fashin banki biyu lokaci guda a Coffeyville ta Kansas ranar 5 ga Oktoba 1892, mutanen gari suka ɗauko bindigogi daga shagunan kayan ƙarfe suka buɗe musu wuta, Bob da Grat suka mutu, Emmett ya rayu da raunuka sama da 20 ya yi shekara 14 a kurkuku. Morris ya kashe su a wani labari na farko-farko, da aka ga masu karatu na son su sai aka ƙirƙiro 'yan uwansu wawaye aka ci gaba da su.

A bar shi ya karanta?

Ni dai ra'ayina a bar shi, amma ba duka lokaci ɗaya ba, kuma kai ka san ɗanka fiye da ni. Lucky Luke ya dace da shekara 12, bayan littattafan farko ba ya kisa, bindigar hannun mutum yake harbewa, sigarin bakinsa ma an musanya shi da tsinken ciyawa a 1983, don haka in ka ga sigari tsohon labari ne. Abinda za ka zauna ka yi magana da shi a kai shine yadda tsofaffin fitowar ke zana baƙaƙe da manyan leɓɓa da 'yan Sin da Meksikawa masu barci kullum, ka tambaye shi ko haka mutanen da ya sani suke. In ka samu fitowar 2020 wadda Bass Reeves ya shigo ciki ka haɗa masa. Tex akwai harbi da yawa amma ba batsa, ana iya bari in kana leƙawa. Blueberry ni zan ajiye shi sai ya kai 15 ko 16, jarumin mashayi ne ɗan caca, kuma labarin na tafiya yana ƙara duhu da mata da cin amana. Jonah Hex da Durango da Bouncer na manya ne, in ka gan su a tarin mai sayarwa kar bangon ya ruɗe ka.

Zanen da yake yi a bayan littafi kuwa kar a hana shi, a dai raba masa da littafin makaranta. Ka saya masa farar takarda da fensir da baƙin biro, ya ninke takardar biyu ya zama shafi huɗu, ya ja akwatunansa da rula kafin ya fara. Morris zai kwaikwaya tukuna, layinsa kaɗan ne kuma kowanne da aikinsa, Giraud kuwa ƙananan layukan inuwarsa sun karya gwiwar manya ma balle yaro. Inda zai sha wuya doki ne, kowa a nan yake shan wuya, musamman ƙafar baya, yara suna lanƙwasa ta kamar ta gaba sai dokin ya fito kamar tebur. Gaɓar nan da ke nuna baya a tsakiyar ƙafar ba gwiwa ba ce, diddige ce, gwiwar tana can sama kusa da ciki. Kuma ku a Maradi ba ku rasa dawaki ba, ka kai shi inda ake ɗaure su da yamma ya zauna da takardarsa ya zana ƙafar baya kaɗai, a tsaye da kuma lokacin da dokin ya ɗaga ta, kafin ya koma kan na Morris ya ga abinda aka rage da abinda aka bari.